Gyambon da Ke Shaƙewa a Cikin Iska: Tarihin Feshin Himoglobin

Akwai wani abin mamaki game da gyambo wanda ba kasafai ake tsayawa a yi tunaninsa ba. Ga miki a buɗe a tafin ƙafa, babu fata a kansa, iska tana kaɗa shi safe da yamma, kuma kashi 21 cikin ɗari na wannan iska oksijin ne. Amma da za a auna naman da ke tsakiyar mikin, sai a tarar yana fama da yunwar oksijin, tamkar wanda ƙishirwa ke kashewa a bakin kogi. Abin da ya shiga tsakaninsu shi ne ɗan ruwan nan da miki ke tsattsafowa, wanda sau da yawa kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba. Oksijin ba ya narkewa sosai a ruwa, kuma tafiyarsa a cikin ruwa ta fi tafiyarsa a cikin iska nawa kusan sau dubu goma. Daga ƙasa jini bai kawo isasshe ba, daga sama kuma ruwa ya tare hanya.

A shekarar 2012 wani ƙaramin kamfani a Jamus mai suna SastoMed ya fito da wani ɗan gwangwanin feshi, Granulox, da nufin ƙetare wannan ruwan. Abin da ke cikinsa ja ne wur, domin himoglobin ne, wato furotin ɗin da ke ba jini launinsa, wanda kuma shi ne ke dakon oksijin daga huhu zuwa gaɓoɓi. An tato shi daga jinin alade, aka tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta, aka zuba kashi 10 cikin ɗari a ruwa. Ana wanke gyambo, a fesa masa, a rufe da bandejin da iska ke iya ratsawa, a maimaita aƙalla duk kwana uku. Labarin yadda aka iso wannan gwangwani ya haɗa tarihi biyu da suka daɗe ba su san juna ba: na ƙafar mai ciwon sukari, da na yunƙurin ƙera jinin da ba na mutum ba.

Mu fara da ƙafar. A 1852 wani likitan Faransa, Marchal de Calvi, ya ja hankali ga alaƙar da ke tsakanin ciwon sukari da ruɓewar ƙafa. A 1887 wani likitan fiɗa a Nottingham ta Ingila, T. D. Pryce, ya wallafa a mujallar Lancet labarin wani majinyaci da gyambo ya huda masa tafin ƙafafu biyu, ya kuma danganta abin da lalacewar jijiyoyin da ke kai saƙon zafi da taɓi zuwa ƙwaƙwalwa. A wancan zamani dai matsalar ba ta cika tsayawa a gaban likitoci ba, saboda dalili mai ɗaci: da yawa daga masu ciwon ba sa daɗewa har ƙafarsu ta kai ga lalacewa. Gano insulin a Toronto a 1921 zuwa 1922 ya sauya wannan lissafi. Mutane suka daina mutuwa da doguwar suma, suka rayu shekaru goma, ashirin, sai ga cutar ta bi ta wata ƙofar. Elliott Joslin na Boston, wanda ya fi kowa adana bayanan masu ciwon sukari a zamaninsa, ya rubuta gargaɗi a 1934 kan yadda ruɓewar ƙafa ke ƙaruwa a cikin abubuwan da ke kashe majinyatansa. Shawararsa kuwa ba ta wuce abin da kaka za ta faɗa ba: a wanke ƙafa, a duba ta kullum, a sa takalmin da ya dace, kada a yanke farce da ganganci.

Mutumin da ya fi kowa fayyace yadda gyambon ke samuwa bai fara da ciwon sukari ba, da kuturta ya fara. Paul Brand, likitan fiɗa ɗan Ingila, ya yi aiki a Vellore ta kudancin Indiya tun daga 1946. A lokacin kowa ya ɗauka naman kuturu ne ke ruɓewa da kansa har yatsu su zube. Brand ya nuna cewa naman lafiyarsa lau. Abin da ya ɓace shi ne jin zafi. Mai lafiya in takalmi ya matse shi zai sauya taku ba tare da ya sani ba, ko ya tsaya ya cire tsakuwa. Wanda ba ya jin zafi kuwa zai taka wuri ɗaya sau dubbai a yini, har naman ya kumbura, ya yi kanta, jini ya taru a ƙarƙashin kantar, ya fashe. Da Brand ya koma asibitin kutare na Carville a Louisiana ta Amurka a 1966, sai ya ga ƙafar mai ciwon sukari tana bin wannan hanya sak. Maganin da ya yaɗa shi ne ɗaurin siminti da ke rungume ƙafa da ƙwauri baki ɗaya, yana raba nauyin jiki don kada ya taru a kan mikin, kuma majinyaci ba shi da ikon cirewa. A wani gwaji da David Armstrong da abokan aikinsa suka wallafa a 2001, kusan kashi 90 cikin ɗari na gyambunan da aka yi wa wannan ɗauri sun warke cikin makonni 12, alhali na masu takalmin da ake iya cirewa kashi 65 ne. Mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin shi ne ma'aunin da duk wani sabon magani zai tsaya kusa da shi.

Sai dai ba kowane gyambo ne matsi kaɗai ya haifar ba. Sukari yana toshe jijiyoyin jini na ƙasan gwiwa, yana lalata ƙananan da ke cikin fata, yana kuma raunana fararen ƙwayoyin jini. A nan ne oksijin ya shigo labarin. Tun daga shekarun 1960 Thomas Hunt, likitan fiɗa a San Francisco, ya duƙufa wajen auna oksijin a cikin miki, kuma a 1972 shi da abokin aikinsa suka nuna cewa yawan kolajen da miki ke saƙawa, wato zaren furotin ɗin da ke ɗinke nama, yana hawa da sauka tare da yawan oksijin da ya samu. Sinadaran da ke ƙarfafa wannan zare ba sa aiki sai da oksijin. Fararen ƙwayoyin jini ma da shi suke haɗa gubar da suke kashe ƙwayoyin cuta. Ashe miki, a daidai lokacin da hanyoyin jininsa suka yanke, a lokacin ne ya fi bukatar numfashi.

Wani binciken na wannan zamani ya ƙara dagula lamarin. A 1962 George Winter ya wallafa a mujallar Nature cewa raunin da ya yi wa fatar alade, in aka rufe shi da leda ya zauna da danshi, sabuwar fata tana rufe shi kusan ninki biyu cikin sauri fiye da wanda aka bari ya bushe ya yi ɓawo. Wannan ya rushe tsohuwar al'adar shanya miki, kuma daga gare shi ne bandejin zamani ya samo asali. To ga tsaka mai wuya: miki yana son danshi domin ƙwayoyin fata su iya rarrafawa, danshin kuma shi ne katangar da ke hana oksijin shiga.

Hanya ta farko da aka bi ita ce ta ƙarfi. A Amsterdam, Ite Boerema ya nuna a 1960 cewa aladun da aka zuƙe musu kusan duk jajayen ƙwayoyin jininsu suna iya rayuwa a cikin ɗakin ƙarfe da aka cusa wa oksijin da matsi ninki uku na iskar duniya, domin a irin wannan matsi ruwan jini kaɗai yana ɗaukar abin da ya isa. Daga baya aka riƙa shigar da masu gyambo irin wannan ɗaki, kusan awa ɗaya da rabi a rana, har sau talatin ko arba'in. Wani gwaji da Magnus Löndahl ya jagoranta a Suwidin, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna amfani. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su nuna ba, kuma har yau ana muhawara. Abin da ba a muhawara a kai shi ne tsada. A 1969 Boguslav Fischer a New York ya gwada mai sauƙi, ya sa ƙafar kaɗai a cikin akwati ya hura mata oksijin. An daɗe ana yi wa wannan dabara kallon hadarin kaji, kuma hujjar masu sukar ita ce dai ruwan nan na saman miki.

Yanzu mu koma ɗaya tarihin. Felix Hoppe-Seyler ne, a Tübingen ta Jamus, ya raɗa wa himoglobin suna a 1864, ya kuma nuna yana kama oksijin ya sake shi. Girman aikinsa yana cikin lissafi ɗaya: mililita 100 na jini yana ɗauke da kusan mililita 20 na oksijin, amma wanda ya narke a ruwan jinin bai wuce 0.3 ba, duk sauran a bayan himoglobin yake. Kusan shekara ɗari bayan haka, masana biyu da ba tare suke aiki ba, Jonathan Wittenberg a 1959 da Per Scholander a 1960, suka gano wani abu da ba a zata ba. Scholander ya jiƙa wata siririyar matata da ruwan himoglobin, ya bar iska a gefe ɗaya, ya zuƙe ta a ɗaya gefen, ya auna abin da ke ƙetarewa. Naitirojin ya wuce yadda aka saba. Oksijin kuwa ya ƙetare ninki da yawa fiye da yadda yake yi a ruwa zalla, ba tare da zuciya ta harba komai ba, ba tare da ruwan ya gudana ba. Himoglobin yana ɗaukar oksijin a inda yake da yawa, ya yi ta yawonsa a cikin ruwan, ya sauke shi a inda ya yi ƙaranci, ya dawo hannu wofi. Kamar ’yan fito ne a kogin da babu gada: mai iyo zai ƙetare, amma kwalekwale ya fi kwashe jama'a.

Shekaru arba'in wannan sani yana kwance a littattafan ilimin aikin jiki, domin hankalin masu kuɗi da masu bincike yana kan wani buri da ya fi girma, wato jinin da za a ajiye a kan kanta, ba ruwansa da rukuni, ba ya ɗauke da cuta, a ɗaura wa soja a fagen fama. William Amberson ya gwada ɗura wa majinyata ruwan himoglobin a Amurka, ya ba da rahoto a 1949: hawan jini, da lalacewar ƙoda. Himoglobin a cikin jajayen ƙwayoyin jini bawa ne mai biyayya, amma in ya fito tsirara cikin jijiya sai ya tarwatse ya toshe ƙoda, ya kuma lanƙwame wani sinadari, naitirik okzaid, wanda shi ne ke sa jijiyoyin jini su saki jiki. Fargabar cutar ƙanjamau a shekarun 1980 ta sake hura wutar neman, aka zuba maƙudan kuɗi. Kamfanin Baxter ya dakatar da gwajin HemAssist a 1998 bayan an ga waɗanda aka ba shi sun fi mutuwa. Hemopure, na jinin shanu, ya samu izini a Afirka ta Kudu a 2001, amma bai samu na amfanin gama-gari a Amurka ba. A 2008 Charles Natanson da abokan aikinsa suka tattara gwaje-gwaje 16 a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, suka nuna haɗarin mutuwa ya ƙaru da kashi 30 cikin ɗari, na bugun zuciya kuma ya kusa ninka uku. Kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka ɓata shekaru a wannan fage shi ne Wolfgang Barnikol, farfesan ilimin aikin jiki a Mainz, daga baya a Witten. Shi da kamfanin Sangui sun ƙware wajen tace himoglobin na alade da nufin ɗurawa a jijiya. Tunanin da ya zo masa mai sauƙi ne har ya kan ba mutum mamakin yadda aka daɗe ba a yi shi ba: duk illolin nan suna faruwa ne a cikin jijiya, to me zai hana a bar himoglobin a waje, a shimfiɗa shi a kan miki, ya yi aikin da Scholander ya gani a matatarsa? Domin kada ya lalace a gwangwani, sai aka ɗaure shi da iskar kabon monokzaid, wadda ke sakinsa in an fesa, oksijin ya maye gurbinta. An gwada shi a kan wasu majinyata a Jamus, sannan a Meziko da birnin Prag, kafin ya shiga kasuwa. A 2018 kamfanin Mölnlycke na Suwidin, babban mai sayar da bandeji, ya sayi SastoMed.

A ganina a nan ne ya kamata mai karatu ya rage gudu. An yi wa feshin rajista a Turai a matsayin kayan aikin asibiti, kuma wannan ƙofa ba ta neman irin manyan gwaje-gwajen da ake nema kafin a amince da sabon magani. Shaidar da aka fi ambato kan ƙafar mai ciwon sukari ta fito ne daga arewa maso gabashin Ingila, a 2015 da 2016: majinyata 20 aka fesa wa, aka kwatanta su da wasu 20 da aka yi wa jinya a wuri ɗaya shekara guda kafin nan. Gyambunan da aka fesa wa sun fi saurin tsukewa, mataccen nama ya ragu, masu jin zafi sun ce ya lafa. Sakamako ne mai faranta rai, amma duk wanda ya san yadda ake gwada magani ya san raminsa. Majinyacin da ya san yana cikin bincike ya fi zuwa a kan lokaci, ya fi sa takalmin da aka ba shi. Malamar jinya ma ta fi tsayawa ta kankare masa kanta da kyau. Ba a jefa ƙuri'a wajen raba su ba, ba a kuma ɓoye wa kowa abin da ake fesawa ba, wanda ko da ma abu ne mai wuya ga ruwan da ke rina bandeji ja. Da aka yi wani ƙaramin gwaji na ƙuri'a a yankin Cumbria, wanda aka wallafa a 2021, bambancin bai fito fili ba, ko da yake mutanen sun yi kaɗan ainun da za a yanke hukunci ta kowane ɓangare.

Abin ban sha'awa shi ne akwatin Fischer da aka raina shi ne ya riga samun shaida mai ƙarfi. A 2020 Robert Frykberg da abokan aikinsa suka wallafa gwajin wata na'ura mai hura oksijin a kan ƙafa, aka ba wasu na'urar gaske, wasu ta bogi, babu wanda ya san tasa: kashi 41.7 cikin ɗari suka warke a makonni 12, a ɗaya ɓangaren kashi 13.5. A 2023 kwamitin ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idojin kula da ƙafar mai ciwon sukari ya ce ana iya ƙara oksijin ta saman miki, bisa sharaɗi biyu: jinyar asali ta gaza, kuma akwai halin yi. Wannan ya ƙarfafa tushen tunanin Barnikol, cewa oksijin daga sama yana da amfani. Bai tabbatar da gwangwaninsa ba, domin kowace hanya da tata hujjar.

Akwai kuma batun da takardun Turai kan wuce shi a layi ɗaya, amma mai karatu Musulmi ba zai wuce shi haka ba: jinin alade ne, a kan ƙafar da ake alwala da ita. Tambayar ba sabuwa ba ce. Shekaru da dama insulin ɗin da masu ciwon sukari suka rayu da shi daga alade da shanu aka tato shi, kafin a fara sayar da wanda aka ƙera ta hanyar ƙwayoyin halitta a 1982. Heparin, maganin hana jini daskarewa, har yau mafi yawansa daga hanjin alade yake. A 1995 wani taron malamai da likitoci a Kuwait ya yi hukunci cewa abin da ya rikiɗa ya zama wani abu dabam, kamar jelatin, ya tsarkaka. Sai dai ban ga yadda wannan ƙa'ida ta istihala za ta hau kan himoglobin cikin sauƙi ba, tun da duk amfaninsa yana cikin cewa bai rikiɗa ba. Hujjar da ta fi kusa ita ce ta larura, ita kuwa larura tana neman a nuna cewa abin yana aiki kuma babu madadinsa, wanda ya mayar da mu ga ƙarancin shaida. Hukunci na malamai ne. Haƙƙin majinyaci kuwa a kan likita shi ne a gaya masa kafin a fesa.

Wata mafita tana iya fitowa daga inda ba a zata ba. A gaɓar tekun Biritaniya ta Faransa akwai wata tsutsa, dangin tana, mai zama cikin yashi, wadda ke jure sa'o'i ba ta numfashi in ruwa ya janye. Himoglobin ɗinta ba ya cikin ƙwayoyin jini tun asali, kuma ƙwaya ɗaya tana ɗaukar oksijin 156 a inda ta mutum ke ɗaukar 4. Franck Zal, masanin halittun teku, ya kafa kamfanin Hemarina a 2007 domin kiwonta. An riga an yi amfani da shi wajen adana ƙodar da za a dasa, ana kuma gwada shi a matsayin abin shafawa a miki.

A Najeriya, wani bincike da aka gudanar a manyan asibitoci shida tsakanin 2016 da 2017, ciki har da na Kano da Zariya, ya bi majinyata 336 da aka kwantar saboda gyambon ƙafa. An yanke wa fiye da kashi ɗaya cikin uku wani sashe na ƙafa, kusan ɗaya cikin biyar kuma ya rasu a asibiti. Mafi yawansu sun iso ne bayan gyambon ya yi nisa, ya kamu da ƙwayoyin cuta, wasu bayan an gama shafe-shafe a gida. Irin wannan miki ba shi ne wanda aka ƙera feshin dominsa ba. Umarnin masu shi ma ya ce a fara kawar da mataccen nama, a magance ƙwayoyin cuta. Kuma oksijin da ya shiga ƙasa da milimita ɗaya daga sama ba zai ceci yatsan da jijiyarsa ta toshe tun daga gwiwa ba. Ga shi kuma a firji ake ajiye gwangwanin.

Abin da ya taɓa rage yanke ƙafa da rabi a tarihi an san shi. A 1981 Michael Edmonds ya buɗe wani sashe a asibitin King's College na Landan inda likitan sukari, da mai kula da ƙafa, da mai ɗinkin takalmi, da malamar jinya, da likitan fiɗa suke ganin majinyaci a rana ɗaya, kuma wanda ya ga sabon miki yana iya zuwa ba tare da jiran layi ba. A 1986 suka wallafa cewa manyan yanke-yanken ƙafa sun ragu da rabi. A Darussalam ta Tanzaniya, Zulfiqarali Abbas ya fara wani shiri a 2003 na horar da likita da malamin jinya daga wasu gundumomi, su koma su riƙa cire wa majinyaci takalmi suna duba ƙafarsa, suna taɓa tafinta da wani siririn zaren roba mai lanƙwashewa a nauyin giram 10. Wanda bai ji taɓin zaren ba, shi ne za a kankare wa kanta, a sauya masa takalmi, a ce ya dawo kafin fatar ta fashe.